Lambar Tagulla da Na Kai Birmingham

Ɗakin da na kama a Erdington, wata unguwa a Birmingham, ba shi ne aka nuna mini a hoto ba. Na hoton yana da faffaɗar taga da farin labule. Wanda na tarar kuwa ɗakin ajiyar tarkace ne can a ƙarshen bene, in na miƙe sosai ɗankwalina yana shafar rufi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai gidan ɗan ƙasarmu ne. Da na yi magana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sister, that one is taken. Ki yi manage kawai, nan ba Najeriya ba ce." Na ce a raina, ai ko a Najeriya ba a saukar da baƙo a akurki. Amma macen da ta iso da akwati biyu ana tsuga ruwa, ba ta san kowa ba, ina ta ga bakin musu? Na ja kayana na shiga.

Sunana Rabi, malamar tarihi ce ni a wata kwaleji, kuma 'yar Lokoja ce gaba da baya. An ba ni tallafin karatu in yi digiri na uku a kan tarihin garinmu. Wannan shi ne abin da ke rubuce a takardata. Amma a wajen 'yan gidanmu ba karatu ne ya kawo ni Ingila ba, aike ne.

Gidanmu yana bakin ruwa, daf da inda jiragen kamfanin Turawa suke tsayawa a da. Kakana Malam Ɗanjuma ne ya gina shi. A nan aka haifi mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da ƙaninsa Baffa Sani, da autarsu Goggo Asabe, wadda tun tana budurwa take suyar kifi a ƙofar gidan har ta tsufa. Kafin in taso hukuma ta zo ta shafa wa katangarmu jan fenti. Za a yi shingen tare ambaliya da sabuwar hanya. Mai takardar fili za a ba shi wani filin, marar takarda kuwa ya kwashe komatsansa ya san inda dare ya yi masa. Mu ba mu da takarda. Abin da muke da shi wata 'yar lambar tagulla ce, faɗinta kamar murfin gwangwanin madara, da huji a samanta. A gaba an buga 214, a baya kuma da ƙananan haruffa an rubuta Birmingham.

Tun muna yara labarin da muka sha ke nan: babban Baturen kamfani ne ya ba Kaka filin, ya ba shi wannan lamba shaida, lambar filin ce a littafinsu, littafin kuma sun tafi da shi ƙasarsu. A gidanmu ranar suna sai an fito da ita daga ƙyalle an ɗora wa jariri a tafin hannu, don ya san yana da wurin zama a duniya. Ni ma an ɗora mini. Da Baffa zai damƙa mini ita cewa ya yi, "Bature ba ya yar da takarda, Rabi. Ga sunan garin nan a jiki. Ki je ki nuna musu, su buɗe littafi." Kada wani ya ce ina karatuna yake. Na yarda ɗari bisa ɗari. Kowane mai ilimi in aka zo kan kakansa yaro ne.

Watannin farko a Birmingham sanyi da kaɗaici suka yi mini rubdugu. Daga Erdington nakan hau bas zuwa cikin gari, in sauka in bi ta Ladywood a ƙafa, ta gefen wata magudanar ruwa da suka haƙa da hannu a zamanin da don jigilar kaya. Mutanen garin suna ji da ita, har tsayawa suke suna ɗaukar hoto. Ni kuwa in na dube ta dariya take ba ni, daga baya ta koma ƙwalla. Ruwan da ko akuya ba zai ci ba. A garinmu in ka hau Dutsen Patti ka duba ƙasa, za ka ga Kwara da Binuwai sun haɗu, ɗaya jaja-jaja ɗaya mai duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su yarda su gauraya. Har ƙarnin kifi da hayaƙin suyar Goggo, wanda da nake tsaki saboda yana kama mini mayafi, sai da na yi kewarsa.

Da na fara karanta takardun Turawa a kan Lokoja sai na ga abin da na sani ne tun ina yarinya, ban dai taɓa faɗarsa ba. Garinmu gari ne na wucewa. Nufawa da Kakanda suka zo da kwale-kwale, Igala suka tsallako, Igbira da Yarabawa suka gangaro, fataken Hausa suka sauke kaya suka ce sai gobe, goben da har yau ba ta yi ba. Yaro kafin ya shiga makaranta ya iya zagi da harshe uku. Bature ya zo ya kafa kanti, daga kanti ya kafa tuta. Manja da man kaɗe da auduga da fatu suna gangarawa teku, gishiri da atamfa da tasoshi suna haurowa. Har sai da aka yi mulkin Arewa daga nan na ɗan lokaci. Da suka sami inda ya fi musu, suka naɗe tabarmarsu suka yi gaba, jirgin ƙasa ya kashe wa jirgin ruwa kasuwa, suka bar mana kaburburansu da rumbunan kwano masu tsatsa. Yanzu ma haka ne. Motocin Kudu da na Arewa su tsaya, a ci kifi, a yi salla, a wuce. Kowa ya san Lokoja, amma ba mai kwana biyu a cikinta da son ransa sai mu.

Duk ranar Juma'a Baffa sai ya kira.

"Rabi, kin je ofishin kuwa?"

"Wane ofishi, Baffa?"

"Ofishin Turawan mana. Ko garin ba shi da ofishi?"

A ganinsa Ingila ɗaki guda ce, da akawu ɗaya zaune da tabarau yana jiran jikar Malam Ɗanjuma. Na yi ta yi masa bayani cewa kamfanin ya daɗe da mutuwa, takardunsa sun watse gari-gari, sai an nemi izini an jira. Ya ce shi dai ya san an ba su wa'adi zuwa bayan damina, kuma jan fentin nan ba ado aka yi musu ba.

Na juya duk ma'ajiyar takardun da ke Birmingham, haƙata ba ta cim ma ruwa ba. Malamar da ke duba aikina, wata Baturiya mai kirki da ba ta rabo da mura, ta ce in gwada Manchester, don daga can ake kai atamfa bakin Kwara, kuma akwai akwatunan wasiƙun wakilansu da ba wanda ya taɓa buɗewa sosai. Masauki a can ya fi ƙarfina. Wata mata da muke haɗuwa a masallaci ta haɗa ni da 'yar'uwarta da ke unguwar Withington a can Manchester, Mma Fati, mutuniyar Ghana, mai aikin kula da tsofaffi.

Mma Fati ba ta taɓa ganina ba, amma ta ba ni gadon 'yarta ta mayar da yarinyar falo. Hausarta ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Ranar da na isa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, wannan karatu zai kashe ka. Duba wuyanka. Zauna ka ci abinci first." Ta cika mini faranti da shinkafa da wake da wani baƙin yaji nasu mai kifi. Rabona da in ci abinci wani yana kallona yana cewa in ƙara, tun a gida. Ina ci hawaye yana zuba, na ce yajin ne.

Mako biyu na yi ina zuwa ma'ajiyar. A kawo akwati, in buɗe, in bi takarda ɗaya-ɗaya har yatsuna su ƙage. Baffa ya yi gaskiya ta wani fannin, mutanen nan ba sa yar da takarda. Na karanta ƙorafin wakili a kan atamfar da danshi ya ɓata. Na karanta wasiƙa shafi uku a kan wane launi matan Nufawa suka fi so. Na san sunan karen wani Bature da ranar da ya mutu. Amma sunan baƙar fata ɗaya da ya ɗauki dilolin nan daga jirgi zuwa rumbu, ban gani ba.

Ana jibi zan koma aka kawo mini wata doguwar takarda a naɗe. Taswirar bakin ruwan Lokoja ce. Ga rumbuna kowanne da lambarsa, ga gidan wakili, ga filin wasansu, ga maƙabartarsu, har bishiyoyin mangwaro sun zana. Na bi da yatsa zuwa inda gidanmu yake. Babu fili, babu lamba, babu 214. An ja 'yan layuka ne kawai a karkace, aka rubuta kalma biyu a kai, ma'anarsu bukkokin 'yan ƙasa. Unguwa guda da masallacinta da rijiyoyinta, abin da ta samu ke nan.

Duk da haka ban saduda ba. Na ce wataƙila taswirar ta girmi kyautar. Da yamma ina zaune a kicin ɗin Mma Fati na kwance ƙyallen ina juya lambar, ina ba ta labarinta. Ta goge hannu ta karɓa. Ta duba gaba, ta duba baya, ta sa ɗan yatsa a hujin. Sannan ta naɗe mini ita da kyau, ta sa a tafina ta rufe da nata hannun.

"In ka koma Birmingham, bar wajen masu takarda," in ji ta. "Je wajen masu ƙira. Su suka yi shi, su za su gaya maka."

Na koma na tarar da saƙon Baffa har guda biyar. An sake zuwa an auna, an ce saura wata ɗaya. A na ƙarshen cewa ya yi, an gaya masa ina can ina yawon hawa jirgin ƙasa gari-gari, su kuwa suna kwana da ido ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rubuta amsa mai zafi, na goge. Mutumin da rufin kansa ke rawa ba a kama shi da laifin baki.

Akwai tsohuwar unguwar maƙera ba nisa da Ladywood, yawancinta yanzu masu sayar da zobe ne. Na shiga shago ya fi goma ana girgiza mini kai, kafin wani ya kwatanta mini wani tsoho a lungu. Shagon ƙarami ne, yana warin mai da ƙarfe. Aikin da ya rage masa shi ne buga lambar ƙofa da 'yan ƙarafan da ake rataya wa karnuka da sunansu. Tsohon kurma-kurma ne, sai na ɗaga murya. Na ajiye lambar a gabansa na ce daga Afirka na zo da ita, ina neman littafin da aka rubuta ta.

Ya sa gilashi a ido ya duba bayanta. Sai fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa. Ya ce in jira. Ya shiga ciki na ji yana ture-ture, ya fito da gwangwanin biskit ya zazzage a kan tebur.

Sun fi ɗari. Girma ɗaya, huji ɗaya, rubutun baya ɗaya. 377, 52, 609. Wata ta gangaro ta faɗo kan takalmina.

Yana murna yake ba ni bayani. Ya ce irin aikin kakansa ke nan, waɗannan ragowar da ba a saya ba ne. Buhu-buhu ake aika su tashoshin jiragen ruwa a Afirka da Indiya. Da safe a ba kowane lebura ɗaya ya rataya a wuya, don kada akawu ya wahalar da kansa da riƙe sunaye, da yamma ya mayar. Na tambaye shi ko akan ba da ita shaidar fili. Ya sa hannu a kunne, na maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Fili? A'a. Kakanki dai wata rana ya tafi gida bai mayar da tasa ba."

Sai a lokacin ya dubi fuskata. Dariyar ta tsaya. Ya jawo mini kujera, ya haɗa mini shayi a wani kofi mai tsaga, ya tattara lambobinsa ɗaya-ɗaya ya mayar cikin gwangwani ba tare da ƙara ba. Ya ce ko in bari ya goge mini tawa ta yi haske, kyauta. Na ce a'a, na gode.

Na fito na zauna a bakin magudanar ruwan nan tasu. Ba kunyar leburanci na ji ba, Allah ya sani. Tausayi ne ya kama ni, da haushi. Na tuno mahaifina yana cewa Kaka kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu, mu kuma muka ɗauka halitta ce. Mutum ya yi shekaru yana dakon kayan wasu, ya sami taɓon da ba mai so a bakin kogi, ya cike shi da ƙasa kwando-kwando, ya tayar da gida. In akwai mai fili a duniya shi ne. Amma wannan ba hujjar da ake ajiyewa a gaban kwamitin rabon fili ba ce. Ban sani ba ko shi ya ƙago labarin Baturen don 'ya'yansa su ɗaga kai, ko su suka ƙaga masa bayan ya mutu. Wanda zan tambaya babu.

Na kira Mma Fati na ce, "Mma, ashe kin sani."

"Na sani," in ji ta. "Kakana ma yana da shi, a harbour na Sekondi, can Ghana. Mu a ƙofar ɗakin kaji muka rataye."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka ci abinci a gidana, kana kuka. Bakina ba zai iya ba."

Ranar Juma'a Baffa ya kira ta bidiyo, ya tara mutanen gida a tsakar gida. Na kwana da niyyar faɗin gaskiya, har na tsara yadda zan fara. Sai wayar ta juya kan Goggo Asabe tana zaune a kan turmi, ta matso da fuskarta har ba na ganin komai sai idanunta, ta ce, "Jikar Baba, an gani?"

Na buɗe baki, abin da ya fito daban. Na ce ban sami littafin ba, sun ce wataƙila ya ƙone lokacin yaƙi.

Baffa ya fizge wayar. "Ƙarya ne. Ke ce dai ba ki nema ba. To aiko mana da lambarmu, mu kai wa kwamiti da kanmu. Su ai sun san darajarta."

Na hango shi da babbar rigarsa ta Juma'a, yana kwance ƙyalle a gaban yaran ma'aikata, wani a cikinsu ya gane ta ya kwashe da dariya. Na ce to, zan aiko. Mako na gaba na ce gidan waya ba amana, ina neman mai zuwa. Na gaba na ce mai zuwan ya fasa. Haka na yi ta ja har wa'adi ya cika. Na san abin da ake faɗa a kaina a gida. Wasu sun ce na sayar wa Turawa da ita.

Ina cikin bas da safe, za ni makaranta, 'yar Baffa ta turo mini bidiyo. Bai kai minti ɗaya ba. Katafila ta sa baki a zauren, ƙura ta tashi, bayan ta lafa sai ga kogi fili, ana hango shi daga inda ɗakin mahaifiyata yake. Na wuce inda zan sauka ban sani ba, sai da direba ya ce an zo ƙarshen hanya.

Yanzu shekarata ta uku ke nan a wannan ɗaki na Erdington. Malamata, da na ba ta labarin, cewa ta yi wannan ne mafi kyawun abin da na tono, in yi masa babi guda. Ban rubuta ko layi ɗaya ba, don in na rubuta wata rana wani zai karanta wa Baffa. Shi ya daina ɗaukar wayata. 'Yan gidan sun watse unguwa-unguwa. Goggo tana ɗakin haya can bayan gari a kan tudu, inda ba masunci ba matafiyi, ta jingine kaskon suyarta a bayan ƙofa.

Ita kaɗai take kirana. A makon jiya, bayan mun gaisa, sai ta ce, "Rabi, ni ban riƙe ki a rai ba. Karatu ya yi miki yawa, ga sanyi, ga ki ke kaɗai. Amma da kin ƙara ko kwana biyu a wancan garin da kika je nema, da kin gan shi. Littafin yana nan. Baba ba ya ƙarya."

Na ce, "Haka ne, Goggo. Ni ce ban nema da kyau ba."

Ta ce, "To, Allah ya yafe miki. Kin ci abinci?"